Hoton Adda a Kyamarar Roba

Ƙanena mai sayar da kayan gwanjo a Kano ne ya jawo min wannan aiki. Ya kwance wata dila ta kayan wasan yara, sai ga kyamarori na roba a can ƙasa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, marasa nauyi kamar kwalin ashana. Ya ɗauka irin na tsarabar Makka ne, waɗanda alhazai ke kawo wa yara, ka leƙa ka danna ka ga Ka'aba, ka sake dannawa ka ga Madina. Ya leƙa bai ga komai ba, ya ce sun lalace, ya zubo min su a leda wai in raba wa yaran unguwa. Ina buɗe bayan ɗaya na ga gurbin fim. Na ce, "Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka! A gidan mai hoto aka haife ka amma ba ka san kyamara ba?"

Babanmu, Allah ya jiƙansa, da hoto ya riƙe mu. A cikin 'ya'yansa ni ce mai naci, ni ke riƙe masa tasa a ɗakin duhu ina shaƙar warin magani har idona ya yi ja. Lokacin da ya rasu waya ta riga ta kashe sana'ar, babu wanda ya kalli kayan aikinsa da daraja, sai na kwaso su na taho da su Gaya, inda aure da koyarwa suka ajiye ni. Shekara da shekaru suna sito, maigidana yana kiransu tarkace. Ranar da kyamarorin nan suka zo na jawo su na kakkaɓe. Wani tsohon abokin babanmu a Legas ya aiko min da fim na baƙi da fari da maganin wanki, ya haɗo da saƙon cewa ashe har yanzu akwai sauran mahaukata irinsa.

Na tara ɗalibaina da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako, yawancinsu 'yan mata, da wasu samari na maƙwabta da suka liƙe mana. Ran Asabar da hantsi muke fita. Da na raba musu kyamarorin sai da suka yi dariya har da riƙe ciki. Wata ta juya tata gaba da baya ta ce, "Malama, ta ina ake ganin abin da aka ɗauka?"

Na ce, "Ba a gani sai an wanke."

"To idan mutum bai yi kyau ba ya zai goge?"

Na ce, "Haka zai zauna da muninsa."

Doka ɗaya na kafa musu, kuma na maimaita ta har bakina ya gaji: kada a buɗe bayan kyamara. Fim ba ya son haske kafin a wanke shi. Ko ƙiftawar ido rana ta gan shi, duk abin da ke kansa ya tafi, babu malamin da zai dawo da shi. Ban rufe baki ba wani zabgegen saurayi ya danna sau ɗaya, ya ɓalle murfin yana leƙe. Wallahi ranar har mai shayin bakin titi sai da ya ji muryata. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ni dama an san ni da faɗa, a makaranta ma idan na doso aji shiru yake yi tun ina baranda. Daga ranar babu wanda ya ƙara gigin taɓa murfi a cikinsu.

Gari na ce su ɗauka, Gaya yadda take, ba yadda ake gyara ta ran Sallah ba. Muka bi tasha, muka bi masu faci da masu cajin waya, layin 'yan acaɓa suna gyangyaɗi a kan babura, lungunan tsohon gari inda katangar ƙasa ke jingine da ta bulo, maƙera, rumfar mahauta. A nan na gane alherin da ke cikin abin wasa. Ɗaga waya a kasuwa ka ga yadda fuska ke ɗaurewa, kowa na tsoron a watsa shi duniya. Amma yarinya ta ɗaga jar roba, sai ka ga dattijo ya gyara hula yana dariya, don a wurinsa babu abin da za ta ɗauka. Wani mahauci ya ɗaga wuƙarsa ya banƙare ƙirji ya ce, "Ɗauke ni da kyau, 'yata, ki kai ni Makka." Hotunan da muka wanke na farko gefensu duk ya yi duhu, tsakiya ce kawai ta fito, amma mutanen ciki sun saki jiki yadda ban taɓa gani a shagon babanmu ba.

A cikin 'yan matan akwai wata doguwa marar magana, mai jar kyamara. Zan kira ta yadda uwarta ke kiranta: 'yar Gaya. Ba ta gaggawa. Sauran su ƙarar da fim kafin azahar, ita tana tsaye tana jiran mai lemo ya juyo. Sau ɗaya kawai na kama ta da ɓarna, a bakin tasha, ta miƙa wa ƙawarta kyamarar ta tsaya da shuɗin mayafinta ana ɗaukarta. Na ce, "Iye! Na ce ku ɗauki gari, kun tsaya ɗaukar juna? Ke ce garin?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta karɓi abarta.

Da kaka ta yi aka fara cirar gyaɗa, ta same ni a gida bayan an watse. Ta durƙusa ta ce tana so in bar ta ta tafi da kyamarar Ajingi.

Na ce, "Ajingi kuma? Wa gare ki a can?"

Ta ce, "Adda."

"Yayarki?"

"A'a, Malama. Ita ta haife ni."

A nan na ji labarin. Ita ce 'yar fari. Daga yaye kakarta ta wajen uwa ta ɗauko ta ta kawo Gaya, ta tashi tana jin kowa a gidan yana ce wa uwar Adda, kamar yadda suke ce wa babbar 'yar'uwa a gidajen da ke da jinin Fulani, ita ma ta bi. Uwar kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Ba ta yi mata magana kai tsaye, sai dai ta ce da ƙannen yarinyar, "Ku ce wa 'yar Gaya ga abinci nan." In yarinyar ta shigo ta gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Kada wani ya ce min ƙiyayya ce, ni ma na ga tawa uwar da babban yayanmu, na san abin da ke ƙarƙashi. Amma wanda ake yi wa ba ƙarƙashin yake gani ba, ƙeya yake gani.

Ta ce, "Malama, ban san yadda idonta yake ba in tana kallon mutum. Ƙannena sun sani. Ni ban sani ba. Waya kuwa ko ɗaga ta aka yi sai ta ja mayafi. Na ga yadda mutane ke yi wa wannan a kasuwa, shi ne na ce ko ita ma."

Na ce ta tafi da ita, amma ta tuna dokata, kuma ta ɓoye ta daga ƙananan yara.

Ta yi kwanaki a can. Ranar da ta dawo ban gane ta ba, don tun daga zaure nake jin muryarta, ita da sai ka kasa kunne. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Malama, na ɗauka! Wallahi na ɗauka!"

Uwar sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a gida, ita da ƙanwarta da ke aure a maƙwabtansu. Ranar tana tsakar gida tana matsar mai, ga tsohon ciki ya tokare ta, ƙannen yarinyar sun yanyame jar robar suna ihu. Uwar ta kalli ƙanwarta, ba 'yar ba, ta ce, "Wannan ba irin ta tsarabar Makka ba ce? 'Yar Gaya dai girma ya zo, wasa bai tafi ba." Sai yarinyar ta ɗaga kyamarar ta rufe fuskarta da ita. Uwar, da yake a ganinta wasa ne, kuma robar ta tare fuskar da take kunya, ta ɗaga muciya sama kamar mai riƙe da tuta, ta kalli kyamarar tsaf ta tuntsire da dariya.

"Ni ce a bayan robar, Malama. Ni take kallo. Ashe wushirya gare ta. Ashe in ta yi dariya ido ɗaya ya fi rufewa."

Ta faɗi haka tana dariya hawaye na zuba, ni kuma na hau gyaran ɗankwali don kada ta ga nawa. Na karɓi kyamarar na taɓa abin murɗawa, na ji ya cije. Ta ce ai tun a can ya daina juyawa, ta san fim ɗin ya ƙare ke nan. Na ce haka ne. Sai dai a lokacin maganin wanki ya ƙare min, ina jiran saƙo daga Legas. Na ce ta bar min ajiya, ta ce a'a, a wurinta za ta kwana. Ta naɗe ta a ɗankwali ta sa a ƙasan akwatinta.

Saƙon bai iso ba uwar ta rasu. Haihuwa ce ta zo da gardama, abin cikin ma bai zo da rai ba.

Na je ta'aziyya Ajingi. Gidan cike da mata, ga buhunan gyaɗar da ba a gama ɓarewa ba jingine da bango, ga kaskon suya a kife. 'Yar Gaya tana zaune a ƙuryar ɗaki kusa da kakarta, idonta a bushe. Wata tsohuwa tana ta yabon mamaciyar, tana cewa mace mai kunya, har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan 'yar farinta a bakinta ba. Mata suna gyaɗa kai. Na san yabo ne, kuma gaskiya ta faɗa, amma wallahi ji na yi kamar in tashi in toshe mata baki. Wani ya kawo katin zaɓen marigayiyar ana zagayawa da shi, shi ne kaɗai hotonta da ya rage a gidan. Ɗan mitsitsi ne, ya koɗe, ta runtse ido ta ɗaure fuska, ka ce wata ce daban. Da ya zo hannun yarinyar ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙa gaba. Da zan tafi ta rako ni zaure ta riƙe min mayafi.

"Malama, maganin ya zo?"

Na ce, "Yana hanya, 'yata."

"Tana nan a akwatina. Ban bar kowa ya taɓa ba."

Daga nan kullum sai na buga wa tsohon nan na Legas waya, har ya fara ce min in bar shi ya sha ruwa. Ranar da direba ya miƙo min kwalin a tasha ban ko tsaya gaisawa ba, na aika a kira ta. Ta zo da safe da kyamarar a naɗe, ta riƙe ta da hannu biyu. Na ce ta zauna a tsakar gida, ta ce a'a, tana so ta gani da idonta. Muka shiga sito, na toshe taga da bargo.

Akwai wata baƙar jaka ta babanmu mai hannuwa biyu, a cikinta ake fitar da fim da lalube, haske bai gan shi ba. Na sa kyamarar ciki, na zura hannuwa, na ɓalle murfin. Yatsuna na taɓa fim ɗin na san akwai matsala. Fim da kyamara ta naɗa da kanta sumul yake, a ɗame. Wannan a cukurkuɗe yake, ya lanƙwashe nan ya karye can, an cusa shi ne da hannu. Na lallaɓa na naɗa shi a gwangwanin wanki, na rufe, na zuba magani. Ina girgizawa ina addu'a a zuci, ita kuma tana tsugune tana kallon hannuna. Har tambayata ta yi ko za a iya yi mata babba, wanda za ta rataya.

Na zubar da magani, na ɗauraye, na buɗe ƙofa na jawo fim ɗin na ɗaga shi sama.

Baƙi ƙirin, daga farko har ƙarshe. Babu tasha, babu mai lemo, babu tsakar gida, babu muciya. Sai wasu tabo-tabo nan da can kamar an taɓa shi da hannu mai maiƙo.

Ta ce, "Malama, sai ya bushe zai fito?"

Baƙin ciki idan ya zo min faɗa yake zama, haka Allah ya yi ni. Na ce, "An buɗe kyamarar nan! Ba buɗewa kawai ba, an zaro shi an shanya wa rana! Sau nawa na faɗa? Sau nawa? Na ce ki ɓoye ta daga yara ko ban ce ba?"

Ta ce, "Wallahi tallahi ban buɗe ba. A Ajingi ma a saman sif na ajiye ta, yara ba sa kaiwa."

"To aljani ne ya buɗe?"

Ta karɓi fim ɗin yana ɗigar ruwa, ta fita tsakar gida, ta ɗaga shi tana bin sa a hankali daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ta dawo ta sake bi. Sannan ta miƙo min, ta ajiye jar kyamarar a kan turmi, ta ce, "Na gode, Malama." Ta sa takalmi ta fita. Ranar ban iya cin abinci ba. Maigidana ya dawo ya tarar da ni zaune a ƙofar sito, ya buɗe baki zai yi tsokanar tarkace, ya kalli fuskata ya wuce.

Asabar ta zo ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Sauran yaran suna ta murna da hotunansu, na mahauci ya fito har an kai masa ya liƙa a rumfa, ni kuwa ina koyarwa ne kawai da baki. Na rataye baƙin fim ɗin a ƙusa, na kasa jefar da shi. Da abin ya ishe ni na naɗe shi na sa a jaka na nufi gidan kakarta, ban ma san me zan ce ba.

Na tarar da baƙuwa. Ƙanwar marigayiyar ce ta zo daga Ajingi duba tsohuwa, ta kawo wa yarinyar zannuwan uwarta. 'Yar Gaya na zaune gefe tana tsince shinkafa, ta rame. Muka gaisa, aka yi addu'a. Kakar ta ce, "Malama, me kika yi wa ƙawata ne? Tun ranar da ta dawo daga gidanki sai dai a ɗura mata koko." Na ciro fim ɗin ina bayani, cewa wani ya buɗe kyamarar a rana, hoton uwarta ya ƙone.

Ƙanwar uwar ta zuba wa fim ɗin ido. Ta ce, "Malama, buɗewar ce ta ɓata shi?"

Na ce, "Ita ce."

Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai kuka. Da ƙyar tsohuwa ta lallashe ta. Ta juya wajen yarinyar ta ce, "Adda ce. Adda ce ta buɗe, ina tsaye."

Yarinyar ta ajiye faranti. "Inna, Adda kuma?"

"Ranar kasuwa, da kika raka yara. Da safe ta ji kina faɗa musu wai kyamarar ta gaske ce, wai har ke kina ciki, ƙawarki ta ɗauke ki a tashar Gaya da shuɗin mayafi. Kuna fita ta bar tunkuza a turmi, ko hannu ba ta wanke ba, ta taka kujera da cikin nan ta ɗauko. Ta leƙa ta danna, kamar yadda muke yi da na tsarabar Makka muna yara, ba ta ga komai ba sai bango. Ta ce to a ciki hoton yake. Ta sa farce ta ɓalle. Ta ce ta san irin wannan, lokacin bikinta mai hoto ya ba su, in ka ɗaga a rana sai ka ga mutane da fararen fuskoki. Ta zaro shi duka ta fito tsakar gida ta ɗaga."

Na ce, "Nata hoton take nema?"

"Haka na tambaye ta, Malama. Na ce, Adda, naki kike nema? Ta ce, me zan yi da nawa? So nake in ƙare wa yarinyar nan kallo. Ta ce an ce ta yi kama da ni, ni kuwa ban taɓa samun na kalle ta son raina ba, daga ta juyo sai in kau da kai." Ta share hanci da bakin zani. "Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, ba ta ciki. Jikinta duk ya yi sanyi. Ta tura shi yadda ta iya ta rufe, ta ce kada in faɗa miki, kunya take ji. Wallahi ba mu san ɓarna muka yi ba."

Kaza ta zo tana tsattsagar shinkafar, ba wanda ya kore ta. Ni da na zo da sauran faɗana a baki, na neme shi na rasa. Wa zan yi wa? Matar da ta taka kujera da tsohon ciki don ta saci kallon 'yarta? Dokar tawa a Gaya na kafa ta, ga yara masu waya, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wadda za ta buɗe don ta san ana ganin mutane a jikin wankakken fim ba.

Yarinyar ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta miƙo hannu na ba ta fim ɗin. Tana juya shi sai idona ya sake faɗawa kan tabon nan da na yi ta tsinewa a raina, sai maganar hannun da ba a wanke ba ta dawo min. Na ce ta miƙo, na matsa bakin ƙofa na duba da kyau. Inda mai ya taɓa fim magani ba ya kama wurin. Tabon ba datti ba ne kawai, zanen yatsa ne, layi-layi.

Washegari suka zo gidana su biyu, ita da innarta. Na jona injin buga hoto na babanmu, na zaɓi tabon da ya fi fita, na haska shi a takarda babba, irin wadda yarinyar ta taɓa tambaya. Na tsoma a tasa muna tsaye mu uku a jan haske. Takardar ta zauna fara fat, sai a tsakiya baƙin zane ya taso a hankali, babban yatsa, kamar dangwale, da wani layi da ya ratsa shi a karkace.

Innar ta ce, "Na damanta ne. Ga inda lauje ya yanke ta muna yara."

Muka fito haske. Yarinyar ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga nata babban yatsan ta duba, ta ɗora shi a kan na takardar, ya ɓace a ciki don na buga shi da girma. Ta ce, "Ni ko hannunta ban sani ba." Sai can ta ɗago ta kalle ni.

"Malama, da ta ce in tsaya, ai da na tsaya mata. Ko wuni ne da na tsaya. Da na rufe idona ma, don kada ta ji kunya."

A nan kukan ya zo, wanda ba ta yi ba a Ajingi. Ta durƙushe a tsakar gidana tana kiran Adda, innarta ta rungume ta suna yi tare. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa 'ya'yan mutane su yi shiru, na zauna a bakin rijiya na taya su, ban ce kowa ya yi haƙuri ba.

Ba ta dawo ajin Asabar ba. Na aika mata da jar kyamarar da sabon fim a ciki, ta dawo min da ita, ta ce a gaishe ni, babu wanda take son ɗauka. Kakarta ta ce min takardar tana rataye a ɗakinta, baƙi in sun shigo suna tambaya wannan kuma zanen mene ne, sai ta ce musu hoton Adda ne.